Kwalemar Sha'aban da butar babanki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga autata Rahinatu, amaryar Bawku. Ina gaisheki da kyau, da fatan kin sauka lafiya kuma ƙafarki ta fara sanin ƙofofin gidan. Ki gaida mijinki Mumuni. Ki durƙusa har ƙasa ki gaida Hajiya uwarsa, kice Memuna mai doya ta Salaga tana miƙo gaisuwa. Allah ya zaunar da garinku lafiya, ya tsareku a hanya da kasuwa da cikin ɗaki, ya kau da idon mugu daga kanki.

Rubutun nawa kinsanshi, sai kin karkata kai kamar mai duba cikin rijiya. Ki haƙura ki karanta, kuma ke kaɗai. Da waya zan kiraki, amma nasan halina. Ina jin muryarki zan fara shaƙiyanci, muyi ta dariya har kiredit ya ƙare ban faɗi abinda ya kawoni ba. Takarda bata dariya, shiyasa na zaɓeta. Direban albasa zan ba ya kawo miki.

Ga abinda ya zaunar dani. Ranar da ake miki lalle ina tsakar gida ina tuƙa tuwon baƙi, naji kina faɗawa ƙawayenki wai kin leƙa kicin ɗin Hajiya lokacin da kikaje dubata, wai akwai saƙar gizo a rufin tun ta zamanin Turawa, wai kafin azumi ya kama zaki fito da komai na gidan waje ki nuna musu 'yar wa suka auro. Ƙawayenki suka hau shewa. Nima na ɗaga muciya nace jinina kenan. Amma maganar bata barni ba, Rahi. Yanzu ga Sha'aban ya shigo, nasan tafin hannunki ya fara ƙaiƙayi. To ki ajiye tsintsiyar nan ki zauna a kanta sai kin gama karatu. Kada ki taɓa kayan matar nan. Zamanki a gidan nake ji miki tsoro, saƙar gizon bata dameni ba.

Kinsan dai wacece uwarki, ba sai an buga ganga ba. Daga kasuwar doya har bakin rijiyoyi babu macen da ta kaini kwalema. Ƙuda in zai shigo gidana sai ya cire takalmi. Kyankyaso yana hangoni yake yiwa 'ya'yansa wasiyya. Mata suna aiko 'ya'yansu su zo su ga yadda nake dama farar ƙasa da gishiri da ɗan bula, bango ya fito kamar haƙorin jariri. Akwai shekarar da wani baƙo ya shigo zaurenmu ya tambaya ko nan ne asibiti. Wallahi anyi, ki tambayi kowa.

Kuma bazan miki ƙarya ba, kwalema magani ce. Wannan dai gaskiya ne ko daga bakin waye. Ni tun ina yarinya in abu ya tsaya mini a ƙirji bana iya kuka, ban iya zama inyi tagumi ba. Sai in ɗaure ɗankwali a hanci, in fara daga sama. In kakkaɓo rufi, in fito da gado da katifa da adaka da kwanuka tsakar gida, rana ta dakesu ta kashe abinda zata kashe. In wanke ƙasa da ruwan rijiyar nan tamu mai tauri wanda sabulu yake jin tsoro. In goge gindin tukwane da toka da yashi har in ga fuskata a ciki, fuskar kuwa kinsan ba laifi. In sa ɗanyen ganyen darbejiya a ƙasan adaka saboda asu. Kafin la'asar bayana ya mutu, hannuna ya yi jawur, amma dutsen nan na ƙirji ya tafi. In zauna a bakin ƙofa ɗaki yana ƙamshin farar ƙasa da rana, in ja numfashi ya sauka har cibiya. Da dokta a Tamale yace jinina ya hau, nace masa dokta riƙe ƙwayarka, bani bokiti. Ƙwayar dai na sha, kema in an baki ki sha, amma bokitin ma yayi nasa.

Abinda ban gane ba sai da furfura ta kamani shine, dutsen in ya tashi daga ƙirjina ba sama yake tafiya ba. Kan wani yake faɗawa. Ni ina numfashi, wani a gidan ya daina.

Na fara da kakarki, uwar babanki, Allah ya jiƙanta. Ina amarya kamarki, lallena bai gama fita ba, zuciyata duk a takure, bansan kowa ba, bansan inda zan sa kaina ba. Tsohuwa ta tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye. Na shiga madafarta na ɗaga kai naga wasu ƙulle ƙulle rataye saman murhu, sunyi baƙi ƙirin, hayaƙi ya cinyesu. Nace yau za'a san an kawo mace gidan nan. Na sa gora na zubosu duka, na cusa a wuta, na shafe bango, na jera mata tukwane daga babba zuwa ƙarami kamar 'yan makaranta. Na yi wanka na zauna ina jiran yabo.

Ashe iri ne. Irin kuɓewa da yakuwa da barkono, wanda ta taho dashi daga gidan uwarta tun aurenta, kowace damina ta shuka a bayan gida ta sake ɗaure sabo. Hayaƙin da nake gani datti shi ke hana ƙwari shiga. Ni 'yar cikin gari, doya na sani, ina zan sani? Ta dawo ta tsaya ta daɗe tana kallon saman murhu. Tace mini sannu da aiki. Shikenan abinda tace. Amma daga ranar har ta koma ga Allah bata ƙara aikena ɗakinta ba, in zata fita sai ta sa kwaɗo ta ɗaure makullin a bakin zani, a gidan ɗanta. Na yi mata jinya, na wanke mata jiki, ban taɓa samun makullin nan ba.

To Rahi, baƙin abu a gidan tsohuwa ba duka ne datti ba. Ke kwana kaɗan kikayi a gidan, saƙar gizon ma ta girmeki a can. Abinda baki san sunansa ba, baki san wanda ya rataye shi ba, ba naki bane balle ki sauke.

Kinsan dai ban ji ba. Da na ji ai da ba nice Memuna ba.

Yayanki Awudu kuma ke shaida ce, kina da wayo lokacin. Kwalin nan nasa na ƙarƙashin gado, matattun rediyo da guntayen waya da batir da ya kumbura. Nace gidana ba bola bane. Na tsaida motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na masu shara, na ɗora musu yana makaranta. Ya dawo ya leƙa ƙarƙashin gado, ya fito, nace masa ka gode mini, ɓeraye sun kusa naɗaka sarki. Yau gashi can Kumasi da shagonsa na gyaran waya, ance hannunsa har marasa rai yake tayarwa, kuma ina faɗa a kasuwa in ce ɗana ne, basirata ya gado. Amma sallah nawa rabonsa da Salaga? Bikinki ma saƙo ya turo. Yana kirana, yana yi mini alheri, ba zan zalunceshi ba. Sai dai ko tsumma baya barinsa a gidan nan. Yaro ya gane inda ba'a ajiya.

In Allah ya baki naki, ki bar musu kwalinsu. Ki share gefensa. In yana wari ki toshe hanci ki tambaya.

Yanzu babbar. Kin sha jin gutsi gutsinta a bakin mutane, yau ki ji daga bakin mai ita.

Gidanmu gidan sauke baƙi ne tun kakannin babanki masu goro. Fatake su sauka a zaure, maigida ya basu wurin kwana, ya nemo musu mai saye, ya tsaya musu in rigima ta tashi, in ɗayansu ya mutu a garin shi zai binne shi. Da goro ya ja baya sai 'yan albasa da 'yan shanu na wajenku suka maye, su kawo nasu su koma da doya. Kuma akwai al'ada, wadda ba'a rubuta ba amma kowa ya sani. Baƙo in zai tafi ya bar tabarmarsa da butarsa a kusurwa, ya kama wuri kenan. Yana cewa zan dawo. Ko shekara nawa yayi ba mai ɗagawa. Zauren nan shi kaɗai ne inda babanki ya hanani shiga da tsintsiyar kwalema. Yace in share tsakiya in bar gefe. Ni kuwa kullum in na wuce in ga tsummokaran nan sai in ji kamar ƙaya a ido.

Akwai wani dattijo, Baba Seidu mai albasa, mutumin Binduri. Tun babanki yana yaro yake sauka a gidan. Ya bar tabarma da buta da wani tsohon buhu ɗaure da igiya, sai warin albasa yake. Ya daɗe bai zo ba, damina ta wuce wata ta wuce, har ana cewa ƙila ya rasu.

A shekarar nan na tara doya mai kyau na cika lori zuwa kudu. Lori ya mutu a daji, rana ta dafa mini doya tsaf, da aka buɗe sai ruwa da ƙuda. Labari ya sameni ana gab da azumi. Ban yi kuka ba, ni Memuna a ganni ina kuka a kasuwa? Na dawo gida na ɗaure hanci. Na gama ɗakina dutsen yana nan. Na gama madafa yana nan. Na gama tsakar gida yana nan. Babanki yana kasuwar shanu. Na tsaya a bakin zaure. Na kwashe na kusurwar Baba Seidu kaɗai, nace ai mamaci baya neman tabarma. Buhun ko kwancewa banyi ba. Na kai bayan gida na sa masa ashana. Ranar nayi barci kamar an yafe mini zunubi, wannan ma sai in faɗa miki gaskiya.

Bayan sallah sai ga Baba Seidu da sanda. Ciwo ne ya kwantar dashi, ya rame kamar kara. Aka gaisa, aka kawo ruwa, zaure cike da baƙi. Ya duba kusurwa, ya tambayi buhunsa. Babanki ya aika a kirani. Na zo ina taunar goro nace ai tsumman nan na ƙone shi, zan sayo masa sabon buhu har biyu.

Rahi, likkafaninsa ne a ciki. Wanda ya taho dashi daga Makka, ya jiƙa shi da zamzam da hannunsa ya shanya a can. Ya kawo ya ajiye a gidanmu saboda yace shi ɗan hanya ne, yafi kwana a Salaga akan gidansa, kuma yasan in ta Allah ta kasance maigidansa ne zai rufe shi.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya juya wajen babanki yace, "To Maigida, in na mutu a gidanka da me zaka rufeni?"

Zaure yayi tsit. Kuma kinsan uwarki bata iya jin shiru ta barshi. Sai naji bakina yana cewa, "Baba ai ka samu dalilin ƙin mutuwa kenan, sai ka koma Makka tukun."

Ba wanda yayi dariya. A duk rayuwata ranar ce kaɗai na jefa magana ta faɗi ƙasa kamar ruɓaɓɓiyar doya. Babanki ya cire hularsa ya riƙe a hannu, a gaban baƙinsa, kamar yaro a gaban alƙali.

Baba Seidu bai kwana a gidan ba. Kuma ba wanda ya zagemu. Kawai wannan in ya zo zai tafi sai ya naɗe tabarmarsa ya saɓa a kafaɗa, wancan ya ɗauki butarsa yace zai gyara mata hannu. Kafin doya ta sake fitowa zauren kakanni ya koma fili. Na samu abinda nake so, zaure fes, ba tsumma ko ɗaya. In nayi tari sai bango ya amsa.

Daga wannan ki ɗauki abu biyu. Ƙullin da ba ke kika ƙulla ba kada ki ƙone shi a rufe. In ma za'a zubar, a tara a bayan gida ya kwana biyu, kowa ya wuce ya gani, wuta ita ce ta ƙarshe don bata maido da komai. Na biyu, in kin yi ɓarna ki rufe bakinki. Kinada irin harshena, yana da daɗi a gidan biki, amma akwai wurin da ba'a so mutum ya zama mai ban dariya. Kice kiyi haƙuri, ki tsaya a nan. Ni ban taɓa iya faɗinta ba tare da na ɗora mata wutsiya ba.

Babanki bai dakeni ba, bai zageni ba, bai sakeni ba. Da saki ne da nasan inda zan ajiye abin. Zama yake a zaure shi kaɗai da rediyonsa, yana kallon ƙofa. Sai aka yi rasuwa a Yendi gidan wansa, yace zai je gaisuwa. Gaisuwar ce har yau, kina aji nawa lokacin, yanzu gaki a ɗakin miji. Yana auna hatsi a rumfar wansa, mutumin da fatake suke durƙusa masa. In an tambayeni nakan ce na tura shi karatu ne, sai ya iya Dagbanci zai dawo, har yanzu naa ɗin amsa gaisuwa kawai ya iya. Mata suyi dariya, nima inyi.

Amma ranar da zai tafi ya shimfiɗa buzunsa a kusurwar zaure ta gabas, ya ajiye butarsa ta ƙarfe a kai. Ɗan gidan masu sauke baƙi ne, yasan abinda yayi. Nima na sani.

Kin taso kina ganina ina share zaure in kewaye wurin nan. Ƙura ta hau buzun, asu ya ci gashinsa, butar tayi tsatsa har gindinta ya huje. Ni da ƙuda ke cirewa takalmi, na bar wannan a ƙofar gidana kowa yana gani. Duk Sha'aban in fito da duniya waje in bar kusurwar nan. Da kika tambayeni kina ƙarama nace miki aljanin gidan ne yake sallah a wurin, kada ki dameshi. Da kika girma kika sake tambaya nace gwiwata ce bata son sunkuyo ta gabas. Kinga wani kuskuren. Da na zaunar dake na faɗa miki kamar mutum, da ba'a kai ga wannan takardar ba. Abin da ke ciwo ki faɗawa 'ya'yanki shi da sunansa, kada ki sa masa hular wasa, don zasu ɗauka wasan ne.

Ana saura kwana kaɗan bikinki kin kasa zaune kin kasa tsaye, naga alamar, irin tawa ce. Na tafi kasuwa sayen kayan miya. Ina dawowa tun daga nesa na hango hayaƙi a bayan gida, ga warin gashi yana ƙonewa. Na shiga zaure. Kin wanke shi tas, kin shafa farar ƙasa har kusurwar gabas, kuma wallahi damun yayi kyau, gishirin daidai. Buzun kin sa masa wuta, butar kin ba masu sayen tsohon ƙarfe. Kika fito da ɗankwali a hanci, idonki yana haske, kafaɗarki ta sauka, kina numfashi har ciki. Kikace, "Mma, na gyara zauren saboda Baba zai zo, kada ya tarar da datti."

Me zan ce? Fuskata nake gani, ta ranar madafar kakarki. Nace Allah yayi miki albarka, kin fi uwarki. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da kayan miyan a cinya. A ranar na san abinda tsohuwar nan ta haɗiye da tace mini sannu da aiki.

Ranar ɗaurin aure kina ɗaki a lulluɓe, baki ga wannan ba. Babanki ya sauka daga mashin a ƙofar gida da hantsi. Ya tsufa, Rahi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana riƙe da babbar jaka, na hango bargonsa ta bakin zip, ga rediyon a rataye a kafaɗa. Mutum baya zuwa ɗaurin auren yini ɗaya da bargo da rediyo. Ni da na iya karanta fuskar mai sayen doya tun daga bakin tasha, wannan bai fi ƙarfina ba.

Ya tsaya a bakin zaure, ƙafa ɗaya a ciki. Bai dubeni ba, gabas ya duba. Ya daɗe. Sannan yace, "Memuna, hannun yana nan dai."

Kalma ɗaya ce tsakanina da shi. Ince ba ni bace, yarinya ce, bata sani ba. Amma ranar aurenki ce, ban so abu na farko da zai ji game dake ya zama wannan ba. Kuma kada in yi miki ƙarya in maida kaina waliyyiya, akwai girman kai a ciki, mutane suna tsaye suna kallo. Sai bakin nan nawa, wanda Allah zai tambayeni a kansa, yace, "Ai ka sanni Maigida, kaima in ka daɗe a tsaye a nan sai in haɗa da kai."

Yayi murmushi. Ya janye ƙafar. Ya miƙawa mai mashin jakar yace ya kai masa masallaci. Aka ɗaura aure, ya sa miki albarka ta bakin ƙofa, kafin la'asar ya kama hanyar Yendi.

Ban rubuto don ki yi kuka ba, kwallinki zai ɓaci kuma ance surukai suna lura. Baki da laifi ko na ƙwayar gero. Ni na koya miki, ni na ɗaura miki ɗankwalin farko a hanci, ni na yi ta yabonki a gaban mata ina cewa hannuna ne. Kuma kada ki kira babanki ki yi masa bayani. Ba butar ce ta koreshi ba, da ya yarda dani da ya tambaya. Ya duba kusurwa ya ga abinda ya sani game dani, kuma abinda ya sani ɗin gaskiya ne, ranar ce kawai ba tawa ba. Kada ki kirashi nace. In kuma zaki ƙi jin magana kamar yadda kika saba, to ki bari sai bayan sallah, mutum yafi taushi in ya ci nama.

In kina son ki biyani, a kicin ɗin Hajiya zaki biya.

Kwalema kam ki yi, ban hanaki ba, in na hanaki ma jikinki bazai yarda ba. Baƙon gari, baƙon gida, Hausarsu ma daban, can kowa "ya" ne, har Hajiya zaki ji ance ya tafi kasuwa. Dole wata rana abu ya tsaya miki a ƙirji. Ranar ki shiga ɗakinki ki rufe ƙofa ki juya shi ƙasa ya koma sama. Ki fito da katifarki rana, ki goge kwanukanki na aure ɗaya ɗaya, ki wanke ƙasa har sau nawa kike so. In dutsen bai tafi ba ki sake daga farko, ɗakin naki ne, bazai kai ƙararki ba. Amma iyakar tsintsiyarki bakin ƙofarki. Ranar da ranki ya ɓaci ita ce ranar da baki da izinin taɓa kayan kowa, har na Mumuni, ko tsohuwar safarsa ce. Ni duk ɓarnar da nayi a ranar zafin rai nayi ta, ina ce aiki nake.

In azumi ya matso kika ga Hajiya da kanta ta ɗauko gora, to ki je ki karɓa kice ta zauna ta nuna miki. Duk abin da kika ɗaga ki tambaya, Hajiya wannan fa? Zata ce na wane ne, tun shekarar kaza, ta ɗauko miki labari mai tsawon hanyar Tempane. Ki saurara ko kina jin barci. Rabin kayan da kanta zata ce zubar in ta gama labarinsu, tsofaffi ba tarkacen suke so ba, wanda zasu faɗawa suke nema. Wanda tace bari, ki goge ki maida shi daidai inda yake, har yadda ya karkata. Zai ɗauki kwana uku abin da ke kaɗai zaki gama kafin azahar. Ɗakin bazai yi kyau kamar nawa ba, babu wanda zai yi. Amma da yamma ku biyu zaku zauna a bakin ƙofa kuna numfashi, ba ke kaɗai ba. Ni ban taɓa samun wannan ba, ance da daɗi.

Ni nan nayi tawa ta bana, bayan 'yan biki sun watse. Na kakkaɓe, na wanke, na shafe. Gida ya fito kamar sabon kwano. Kwana nawa yanzu ba abin da ya motsa daga inda na ajiye shi, cokali ma yana nan yadda na kwantar dashi. In na share da safe, da yamma sawuna kaɗai nake tararwa. Babu gidan da ya kai nawa tsabta a Salaga, ki faɗawa mutanen Bawku haka, kada ki rage.

Sai dai a bayan ƙofar ɗakinki na tarar da silifas ɗinki, tsohon nan shuɗi mai tsinkakken hanci wanda kika ɗaure da ƙusa. Ƙafa ɗaya, bansan inda kika jefa ɗayar ba, dama can ke ba mai tsari bace kamar yadda kike tsammani. Na sunkuya zan ɗauka sai na tuna gwiwata bata so. Yana nan. Na share na kewaye shi. Ba fata nake ki dawo mini da yaji ba, Allah ya kiyaye, in kika zo da akwati da kaina zan maidaki a bayan lorin albasa. Amma ke jikar masu sauke baƙi ce, kinsan abinda ake nufi in mutum ya bar abu a kusurwa. Ki zo ganin gida in azumi ya wuce, ki taho da mijin naki mai zubar da ɓawon gyaɗa a ƙasa. Wata rana ki kawo mini masu shafa miya a bango. Bazan goge ba sai kun tafi, ƙila ma in bari.

Allah ya tsareki Rahi, gaba da baya. Ya sa Hajiya ta baki makullin ɗakinta da hannunta. Ya kai mu azumi da rai da lafiya, ya kwantar da hankalin garinku da na hanyoyin da ke tsakaninmu, ya jiƙan Baba Seidu ko da me aka rufe shi. Ki yi mini addu'a in kin sha ruwa.

Taki har kullum, uwarki Memuna mai doya, wadda har gobe ba'a haifi mai kamota a shara ba.